Wasan tsakar makaranta, Blockly Games ko Scratch: da wanne za a fara koya wa ɗalibai kodin?

Malamin da aka damƙa wa darasin kwamfuta a firamare ko ƙaramar sakandare, aka ce ya fara koya wa yara kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta bi, shawara ɗaya yake ji daga kowa: a fara da wasa. Shawarar tana kan hanya, sai dai da sauranta. Wasannin da ake nufi iri uku ne, kuma kowanne da aikinsa. Akwai wanda ake yi da alli da kati a tsakar makaranta ba a taɓa na'ura ba. Akwai na wasa ƙwaƙwalwa da wani ya riga ya tsara a kwamfuta, yaro ya shiga yana warwarewa hawa-hawa, irin su Blockly Games da Hour of Code da Lightbot. Sai wanda ake miƙa wa yaro kayan aiki a ce ya ƙera nasa wasan da kansa, wanda Scratch ke kan gaba a cikinsa. Malamin da ya rungumi na biyu da zaton zai kai shi ƙarshen zango, kayansa za su ƙare masa tun ba a yi hutun rabin zango ba.

Abin da ake so yaro ya fita da shi a zangon farko bai taka kara ya karya ba. Ya gane cewa kwamfuta umarni take bi ɗaya bayan ɗaya, yadda aka jera mata, ba ta canko abin da ke zuciyar mai ba ta umarnin. Ya iya dunƙule abin da ake nanatawa, maimakon ya rubuta "yi gaba, juya dama" har sau huɗu, ya ce "maimaita sau 4". Ya iya gindaya sharaɗi: in akwai bango a gabanka ka juya, in babu ka wuce. Ya san ma'aji, wato gurbin da ake adana adadi mai sauyawa kamar maki. Sai uwa-uba, ya iya bin sawun kuskurensa har ya kamo shi, ba tare da ya goge komai ya koma farko ba. Da waɗannan biyar zan auna hanyoyin, in haɗa da tambayar da ta fi ci wa makarantunmu tuwo a ƙwarya: na'ura nawa gare mu, kuma akwai wuta?

Wasan da ba ya buƙatar na'ura, Tim Bell na Jami'ar Canterbury da ke ƙasar New Zealand da abokan aikinsa Ian Witten da Mike Fellows ne suka tattara shi tun shekarun 1990 da sunan CS Unplugged, kuma darussan kyauta ne a intanet. Wanda ya fi shafar kodin kai tsaye mai sauƙi ne. A zana gidaje a ƙasa, shida a tsaye shida a kwance, da alli a kan siminti ko da kara a kan yashi. A ajiye littafi a wani gida, a ɗora duwatsu a wasu gidajen a matsayin shinge. Yara uku ke bugawa: mai rubuta umarni, mai zama mutum-mutumi, da mai sa ido. Umarnin uku ne kacal, gaba, juya dama, juya hagu. Ƙa'idar da wasan ya rataya a kanta ita ce a gama rubuta dukkan umarnin a allo kafin mutum-mutumi ya ɗaga ƙafa. In aka bari mai umarni yana faɗa ɗaya-ɗaya yana kallon inda aka kai, an koma jagorancin makaho, kodin ya fita daga ciki.

A nan ake kama kuskuren da ke bin yara har gaban kwamfuta. Da zarar mutum-mutumi ya juyo yana fuskantar mai umarni, damarsa ta zama hagun wancan, sai ka ga an aika shi cikin dutse, aji ya kwashe da dariya. Wannan dariyar ta fi jan biro amfani, domin yaro na koyon cewa kuskure abu ne da ake nema a gyara a bainar jama'a, ba abin ɓoyewa ba. Akwai kuma wasan kati biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16, yara biyar su riƙe, a riƙa kifewa ana buɗewa har a ƙirga daga 0 zuwa 31, wanda shi ne yadda kwamfuta ke lissafi da sifili da ɗaya. Malamin da ke son sharaɗi ya zauna da kyau, ga dara nan a hannunsa: gurbi 30, kowa da 'ya'yansa 12. A ce wa yara su rubuta ƙa'idojinta da "idan" da "to": idan ka jera uku, to ka ci ɗaya daga na abokin karawa. Gardamar da za ta kaure a kan abin da aka manta ba a rubuta ba ita ce darasin. Kuma duk wannan da Hausa ake yinsa, babu yaron da Turanci zai tare wa hanya.

Rauninsa shi ne mutum-mutumin ɗan Adam ne, yana da tausayi. In abokinsa ya yi kuskure sai ya ɗan karkata ya gyara masa, abin da kwamfuta ba za ta taɓa yi ba. Ba ya koya wa hannu riƙe linzamin kwamfuta, alhali tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, kuma yaron da bai saba ba sai ya biya wannan bashin wata rana. Bayan mako uku ko huɗu kuma yara za su fara tambayar ina kwamfutar, iyayen da ke biyan kuɗin darasin ma haka. Amma kada a ɗauka ɓata lokaci ne. Felienne Hermans da Efthimia Aivaloglou sun gwada a ƙasar Holan, suka wallafa a 2017: yara 35 'yan firamare, rabi suka yi mako huɗu ba na'ura, rabi suka fara da Scratch tun ranar farko, sannan duka suka yi wasu mako huɗun a Scratch. A ƙarshe ba a ga bambanci a fahimtarsu ba, sai dai waɗanda suka fara ba na'ura sun fi yarda da kansu, sun kuma yi amfani da tubala iri-iri, wato guntayen umarnin da ake maƙalawa a Scratch, fiye da 'yan uwansu. Yaran ba su da yawa, bai kamata a gina gari a kan gwaji ɗaya ba, amma ya isa ya kwantar wa malamin da kwamfutocinsa ba su iso ba hankali.

Iri na biyu shi ne ya fi daɗin shiga. Blockly Games kamfanin Google ne ya ƙirƙiro shi, kyauta ne, babu rajista. Wasanni ne a jere, daga haɗa hoto da suna, zuwa lalubo hanya, da tsuntsu, da kunkuru mai zane, har zuwa agwagi masu harbin juna a tafki inda ake fara rubuta JavaScript, wani harshen kwamfuta, da hannu. Zuciyarsa ga mai farawa ita ce wasan lalubo hanya mai hawa 10. Yaro na jan tubala da linzami yana maƙala su, "yi gaba", "juya hagu", ya danna, ɗan mutumin da ke kan taswira ya bi. Dabarar masu shi ita ce taƙaita yawan tubalan da aka yarda a yi amfani da su. Hanya ta yi tsawo, tubalan ba su isa a jera "yi gaba" sau da yawa ba, dole yaro ya nemo tubalin maimaici da kansa. Haka ake tura shi zuwa sharaɗi ba tare da an yi masa lacca ba. In ya ci hawa, sai a nuna masa abin da ya haɗa a rubuce da JavaScript. Hawa na 10 yana da wuya ƙwarai, wasan da kansa yana ba da shawarar a bi bangon hagu, kuma ba laifi ba ne a bar wa masu kaifin kai shi. Abin da ya fi ɗaga darajarsa a wajenmu shi ne ana iya sauke shi gaba ɗaya a filash, a zuba a kowace kwamfuta, ya buɗe a burauza ba tare da intanet ba.

Hour of Code, wanda ƙungiyar Code.org ta Hadi da Ali Partovi ta fara a Amurka a Disambar 2013, tubalansa daga Blockly ɗin aka samo su, amma an yi musu ado da 'yan wasan da yara suka sani, kamar tsuntsayen Angry Birds da duniyar Minecraft, ga bidiyon Bill Gates da Mark Zuckerberg suna bayani, ga takardar shaida a ƙarshe da sunan yaro a jiki. Ya fi Blockly Games armashi, amma yawancinsa sai da intanet, kuma bidiyo na shan data. Kamar yadda sunansa ya nuna, ɗanɗano ne na awa guda. Code.org na da darussan firamare masu tsawo da ke ba malami damar buɗe aji ya riƙa ganin inda kowane ɗalibi ya tsaya, kuma suna da kyau, in makaranta na da intanet da ba ya yankewa. Lightbot kuwa ɗan mutum-mutumi ne mai kunna fitilu a kan fale-fale, alamomi ne zalla babu karatu, kuma ya yi fice wajen koyar da yadda ake ware ƙaramin aiki a ba shi suna a riƙa kiransa.

Amfanin wannan rukunin a fili yake. Malamin da shi ma sabon shiga ne zai iya tafiyar da ajin, tunda wasan ne ke yin gyara, nan take kuma. Matsalar ita ce kowane hawa kusan amsa ɗaya gare shi, in yaro ɗaya ya samo ta, cikin minti biyar ta zaga ɗaki. Wasu kuma canke suke yi, su sauya tubali su danna, su sake sauyawa su danna, har a dace, in ka tambaye su dalili sai kame-kame. Ma'aji ba ya fitowa a wasan lalubo hanya ko kaɗan. Babbar naƙasar kuma ita ce yaro bai taɓa zama gaban fili fetal ya yanke abin da zai gina ba. Tambayar wani yake amsawa kullum.

Wannan gurbin Scratch ke cikewa. Rukunin Mitchel Resnick a cibiyar MIT ta Amurka ne ya fitar da shi a 2007, domin 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma jikan Logo ne, harshen da Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙira a 1967, mai kunkurun nan da ake ce wa ya yi gaba 100 ya juya 90 sau huɗu ya zana murabba'i. Ra'ayin Papert shi ne yaro ya fi koyo sa'ad da yake ƙera abin da ya damu da shi. In an buɗe Scratch, kyanwa ce kawai tsaye a farin dandali, ga tubala fiye da 100 an kasa su launi-launi a gefe. Babu hawa, babu wanda zai ce an ci ko an faɗi.

Ga misalin wasan da aji zai iya ginawa cikin 'yan makonni. Mangwaro na faɗowa daga sama, kwando na ƙasa ana matsar da shi dama da hagu da madannan kibiya. Dandalin Scratch faɗinsa 480 ne, tsayinsa 360, tsakiya ce sifili, don haka mangwaron zai fara daga 180 a sama, a riƙa rage masa 5 cikin maimaici marar ƙarewa. Idan ya taɓa kwando, a ƙara 1 a ma'ajin maki, a mayar da shi sama a wani wuri da kwamfuta za ta zaɓa da ka. Idan ya kai ƙasa ba a cafe ba, a rage rai ɗaya. Jeri, maimaici, sharaɗi, ma'aji, duk sun hallara a wasa ɗaya, kuma yaro ne ya nemo su don yana buƙatarsu. Na biyar ɗin ma, wato bin sawun kuskure, ba ya makara. Kusan kowane aji sai an sami wanda makinsa ke tashi da gomomi a taɓawa ɗaya, saboda ya manta bai ɗauke mangwaron daga kan kwando ba, kwamfuta na ta ƙirgawa muddin suna manne. Wani kuma makin jiya ne ke biyo shi yau, don bai ce a koma sifili in an danna koriyar tutar da ke fara wasan ba. Yaron da ya kamo irin wannan da kansa ya wuce wanda ya haye hawa goma da canke. Sannan suna iya zana nasu 'yan wasan, su naɗi muryarsu da Hausa, kwando ya ce "na cafe!" Wanda ya gama da wuri a ce ya ƙara ruɓaɓɓen mangwaro mai rage maki, ko gudu ya ƙaru duk bayan maki goma. Wasan ba ya ƙarewa, shi ya sa yake ɗaukar zango guda har ma shekara.

Sai dai Scratch na da tsada ta wani fannin, ko da yake kyauta ne. Yana cin malami. In malami bai taɓa gina wasa biyu ko uku da hannunsa ba, ranar da yara goma suka ɗaga hannu kowa da matsalarsa daban, ido zai raina fata. 'Yancin da ke cikinsa ma tarko ne: a bar yara sakaka, sai a tashi darasi suna canza wa kyanwa launi suna sa ta kuka. Dole a ba su aiki mai iyaka, a ce yau kwando kawai za a sa ya motsa. Lambobin ƙasa da sifili kuma na rikita 'yan aji uku da huɗu da ba su gamu da su a lissafi ba, gara a zana layin lambobi a ƙasa su taka shi tukuna. Ta fuskar na'ura, Scratch 3 da ya fito a Janairun 2019 yana da manhajar da ake saukewa ta yi aiki ba intanet, kuma ita na fi so ga makaranta, domin tana raba yara da dandalin hira da baƙi na shafin. Tsofaffin kwamfutocin da ba za su ɗauke ta ba suna iya ɗaukar Scratch 1.4 na 2009, illa dai aikin da aka yi a sabon ba ya buɗewa a tsohon. An fassara Scratch zuwa harsuna fiye da 70, ciki har da Faransanci da Larabci, abin da zai yi wa malaman Maraɗi da Damagaram daɗi. Shirin Africa Code Week da kamfanin SAP ya fara a 2015 ma da Scratch ya riƙa horar da malamai a ƙasashen Afirka, har da Najeriya.

Inda waya ce kawai a hannu fa? ScratchJr na 2014 an yi shi ne don 'yan shekara 5 zuwa 7, alamomi ne babu rubutu, ya fi dacewa da tablet, amma ba shi da ma'aji ko tubalin "idan", don haka ɗan shekara goma zai gaji da shi da wuri. Pocket Code, na Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya, shi aka gina musamman don wayar Android, kuma ana ƙera cikakken wasa da shi. Ya dace da uba ko yayan da ke son koya wa yaro ɗaya a gida. A aji kuwa fuskar waya ta yi ƙanƙanta ga kai uku.

'Yan babbar sakandare kan raina tubala, su ce wasan yara ne, a ba su Python, harshen kwamfuta da ake rubutawa da hannu. A gaya musu cewa darasin CS50 na Jami'ar Harvard da Scratch yake buɗewa. David Weintrop da Uri Wilensky sun kwatanta azuzuwan sakandare biyu a Amurka na tsawon mako biyar, ɗaya da tubala ɗaya da rubutu, suka wallafa a 2017 cewa masu tubala sun fi ƙaruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai tubali ba ya ɓata rabin darasi yana neman waƙafin da ya manta. CodeCombat, inda ake rubuta Python ko JavaScript don tafiyar da jarumi, yana jan hankalin samari sosai, amma yana son intanet, da saurin bugu a kibod, da Turanci, kuma bayan matakan farko sai an biya. Zango na biyu ko na uku ne wurinsa. Haka ma micro:bit, 'yar na'urar da BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya a 2016 mai ƙananan fitilu 25: abin sha'awa ce ga kulob na yara kaɗan, amma sayenta ga aji guda sai makaranta mai hali.

In za a tilasta mini zaɓen ɗaya, Scratch zan ɗauka a duk inda yara biyu ko uku za su sami kwamfuta guda, kuma malami ya yarda ya zauna ya koya kafin ya koyar. Inda babu na'ura ko ɗaya, alli da kati da dara, ba tare da jin kunya ba. Wasannin hawa-hawa su kaɗai na bar wa taron yini guda, ko makon da malami ke son ya ga waye zai kama da sauri. Amma a zango mai mako goma sha biyu babu dalilin zaɓen ɗaya: mako uku a tsakar makaranta, biyu a wasan lalubo hanya na Blockly Games don hannu ya saba da linzami ido ya saba da tubala, sauran duka a Scratch a kan wasa ɗaya da ake ƙara wa gini kowane mako.

Lissafin zama shi ke kayar da yawancin shirye-shiryen nan. Ɗalibai 60, kwamfuta 10, darasi na minti 40: in aka cusa shida a kowace na'ura, kowa bai kai minti bakwai ba, a aikace kuma mai ƙarfin kafaɗa ne zai riƙe linzami har a tashi, 'yan mata da masu sanyin hali su zama 'yan kallo. Gara a kasa ajin uku. Ashirin su zauna bibbiyu, ɗaya na riƙe da linzami ɗaya na faɗin abin da za a yi, ana musanya duk bayan minti biyar zuwa goma da ƙararrawa ko tafi. Sauran arba'in suna waje ko a kan takarda suna tsara umarnin da za su shigar in layi ya zo kansu. Laftof ta fi kwamfutar tebur a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, tunda batirinta zai riƙe aikin. In ta tebur ce, a sa yara su riƙa adanawa duk lokacin da aka yi musanya, kowace ƙungiya da sunan fayil ɗinta, malami kuma ya kwashe duka a filash kafin a kulle ɗaki.

Wajen jarrabawa, tambayar "mene ne maimaici?" haddar ma'ana kawai take aunawa. A ba ɗalibi wasan mangwaron da malami ya lalata da gangan a wuri biyu, an cire tubalin da ke mayar da maki sifili, an juya kibiyar dama ta koma hagu, a ce ya gyara ya kuma faɗi abin da ya gano. Inda babu na'ura, a rubuta umarni takwas a allo tare da zanen gidaje, a ce kowa ya nuna gidan da mutum-mutumi zai tsaya da inda zai fuskanta, kafin a fita waje a taka a gani.